Shekara uku, zakara ɗaya: yadda tseren Formula 1 na Indiya ya zo ya wuce

Ranar Lahadi 27 ga Oktoban 2013, da aka kaɗa tutar kammala tseren motoci na Formula 1 a fagen Buddh da ke wajen birnin Delhi, direba Bajamushe Sebastian Vettel bai kai motarsa inda doka ta ce a ajiye ta ba. Ya zagayo ya tsaya a miƙaƙƙen titin da ke gaban babbar rumfar 'yan kallo, ya murza sitiyari ya ba ta wuta, motar ta yi ta juyi a wuri ɗaya har hayaƙin taya ya turnuƙe wurin. Sannan ya fito, ya durƙusa a gabanta yana yi mata jinjina, ya haura shingen waya ya wurga wa jama'a safar hannunsa. Shekarunsa 26 a lokacin, kuma a wannan yammacin ne ya zama zakaran duniya karo na huɗu a jere. Alƙalan tseren sun ja masa kunne, suka ci ƙungiyarsa ta Red Bull tarar yuro 25,000. Dubban Indiyawan da ke ta ihu a rumfa sun san cewa ba za a yi tsere a shekara mai zuwa ba, amma an gaya musu za a dawo a 2015. Har yau motar Formula 1 ba ta sake yin tsere a ƙasar ba.

Tseren Indiya sau uku kacal aka yi shi, a 2011 da 2012 da 2013, kuma mutum ɗaya ne ya cinye duka ukun. Wanda ke neman jerin zakaru kawai, to ya samu a wannan jimla. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya, mai attajirai da kamfanonin ƙera motoci, ta gina fage mai kyau irin wannan amma ta kasa riƙe tseren ko da na shekara biyar ɗin da aka sa hannu a kai.

Maganar kawo Formula 1 Indiya ta daɗe tana yawo. An ambaci Kolkata, an zo an ambaci Hyderabad a zamanin da Chandrababu Naidu ke mulkin jihar Andhra Pradesh, sai ya faɗi zaɓe a 2004 maganar ta bi ruwa. Wanda ya ɗauki nauyin daga ƙarshe shi ne rukunin kamfanonin Jaypee, masu harkar siminti da madatsun ruwa da gina tituna. Su ne suka gina babban titin Yamuna da ya tashi daga Greater Noida zuwa Agra, garin Taj Mahal, kuma a cikin yarjejeniyar aikin sun samu filaye masu faɗi a gefen titin. A nan suka tsara gina sabon gari na wasanni da gidaje, fagen tseren kuwa shi ne zai zama tallar garin. A riƙe wannan, domin shi ne tushen labarin: gwamnatin Indiya ba ita ta nemi tseren ba, kuma ba ta zuba kuɗinta a ciki ba. Kamfani ne mai zaman kansa ya ɗauka, da fatan darajar filayensa za ta tashi.

Filayen nan kuma ba daji ba ne, gonakin mutane ne. A watan Mayun 2011, wata biyar kafin tseren farko, manoman ƙauyukan Bhatta da Parsaul a wannan yanki sun yi arangama da 'yan sanda kan diyyar gonakin da aka karɓa domin ayyukan da ke gefen titin Yamuna, har aka rasa rayuka a ɓangarorin biyu. Don haka tun kafin a tayar da injin ko ɗaya, akwai Indiyawa da yawa da ke kallon fagen a matsayin wurin shaƙatawar masu hannu da shuni da aka kafa a kan gonar talaka. Wannan kallon ya bi tseren har kotu.

Shi fagen kansa, Bajamushe Hermann Tilke ne ya zana shi, mutumin da ya zana na Maleshiya da Bahrain da Shanghai da Abu Dhabi. Masoya tsere sun saba ƙorafi a kan ayyukansa, suna cewa duk kamarsu ɗaya. Na Indiya ya fita daban. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 5, yana da kwanoni 16, ana zagaya shi sau 60. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, sai aka tara ƙasa aka yi tudu da gangare da hannu. Daga kwana ta farko mota tana hawa ne har zuwa ta uku, wadda direba ke shiga ba ya ganin abin da ke bayan tudun, daga nan sai miƙaƙƙen titi mai tsawon sama da kilomita ɗaya inda gudu ke wuce kilomita 300 a awa. An faɗaɗa bakin wasu kwanoni da gangan domin direbobi biyu su iya shiga ta layi daban-daban. Akwai kuma doguwar kwanar nan ta 10 da 11, wadda mota ke daɗewa a cikinta tana karkata dama, tayar gaba ta hagu tana shan wahala. Direbobi sun yaba da shi ƙwarai. An ce ginin ya ci wajen dala miliyan 400, an kuma buɗe shi ranar 18 ga Oktoban 2011, ƙasa da mako biyu kafin tsere.

Gaggawar ta nuna kanta. Ƙura ta lulluɓe titin, wasu gine-ginen ba a gama su ba, kuma a atisayen farko na ranar Juma'a sai da aka ɗaga jar tuta aka tsayar da motoci saboda kare ya shigo fage. Amma ranar Lahadi 30 ga Oktoba mutum kusan 95,000 suka cika wurin. Tseren ya zo a makon makoki ga duniyar tsere: direba Dan Wheldon ya mutu a wani tseren motoci a Las Vegas ranar 16 ga watan, Marco Simoncelli ya mutu a tseren babura a Sepang ta Maleshiya ranar 23. Direbobi suka jeru aka yi shiru na minti ɗaya kafin a tashi.

Vettel ya riga ya lashe kambun 2011 a Japan makonni uku kafin nan, amma bai sassauta ba. Shi ya fi kowa gudu a gwajin ranar Asabar ya samu gurbin farko, shi ya ja gaba a kowane zagaye cikin 60 ɗin, shi ya yi zagaye mafi sauri, a zagayen ƙarshe ma ya yi shi. Haɗa waɗannan duka a tsere ɗaya abu ne mai wuya, kuma wannan ne karo na farko da ya yi hakan. Jenson Button na McLaren ya zo na biyu, Fernando Alonso na Ferrari na uku. Abin da aka fi tattaunawa bayan tseren shi ne karon da Felipe Massa da Lewis Hamilton suka yi, su biyun da suka shekara suna gogayya da juna a wannan kakar. Alƙalai suka ɗora wa Massa laifi, daga baya kuma ya hau dakalin gefen titi ƙafar motarsa ta karye ya fita. Ɗan gida Narain Karthikeyan ya tuƙa wa ƙaramar ƙungiyar HRT ya ƙare a na 17, Adrian Sutil ya samo wa ƙungiyar Force India ta attajirin Indiya Vijay Mallya maki a matsayi na tara. Sachin Tendulkar, gwarzon wasan kurket, shi ya kaɗa tutar kammalawa, Mayawati, wadda ke mulkin jihar Uttar Pradesh a lokacin, ita ta miƙa wa Vettel kofi.

Tseren 2012, na ranar 28 ga Oktoba, shi ne wanda ya fi nauyi a lissafin gasar, ko da yake an fi mantawa da shi. A tsakiyar kakar Alonso ne ke kan gaba da tazara mai yawa, da motar Ferrari da kowa ya san ba ta kai Red Bull gudu ba. Sai Vettel ya ci Singafo, ya ci Japan, ya ci Koriya ta Kudu, ya iso Indiya yana gaba da maki 6. Ya sake tashi daga gurbin farko, ya sake jan gaba tun daga farko har ƙarshe. Alonso ya tashi daga na biyar, ya wuce motocin McLaren biyu a zagayen farko-farko, ya yi ta bin Mark Webber, abokin tuƙin Vettel a Red Bull, har na'urar da ke ƙara wa motar Webber ƙarfi daga batir ta samu matsala, ya wuce shi ya ƙare na biyu. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, tazara ta koma 13. Da aka kammala kakar a Brazil, Vettel yana da 281, Alonso 278. Maki uku ne tsakaninsu, kuma maki bakwai Vettel ya ƙara a kansa a Indiya. Ni a ganina tuƙin da Alonso ya yi a ranar yana cikin mafi kyau da aka gani a wannan fage, duk da ba shi ya ɗauki kofin ba.

A wannan shekarar ce kuma Ferrari ta manna tutar sojojin ruwan Italiya a jikin motocinta. A watan Fabrairun 2012 an kama sojojin ruwan Italiya biyu bisa zargin harbe masunta biyu 'yan Indiya a gaɓar tekun Kerala, shari'ar tana gaban kotu. Mutane da yawa a Indiya sun ɗauki tutar a matsayin tsokana, ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ma ta nuna rashin jin daɗi. Amma abin da ya fi tayar wa masu shirya tseren hankali shi ne kujerun da babu kowa a kansu. 'Yan kallo sun sauko zuwa kusan 65,000.

Na 2013 shi ne wanda na fi tunawa, domin a nan ne aka ga dabara, ba gudu kaɗai ba. Ƙarfe uku na yamma ake tashi a can, wato goma da rabi na hantsi a agogon Najeriya da Nijar. Hazo mai haɗe da hayaƙi ya rufe sararin wurin a wannan mako, har sai da aka jinkirta atisayen safiyar Asabar saboda jirgi mai saukar ungulu na ɗaukar marasa lafiya ba zai iya tashi ba. Matsalar ranar Lahadi kuwa taya ce. Kamfanin Pirelli ya kawo kala biyu, mai taushi da matsakaiciya, kuma doka ta ce dole direba ya yi amfani da kowacce. Mai taushin tana da gudu, amma a wannan titin zagaye kaɗan take yi ta fara ɓarɓashewa. Vettel da ita ya samu gurbin farko, don haka dole da ita zai tashi. Sai Red Bull suka yi abin da ba a saba gani ba: a ƙarshen zagaye na biyu suka kira shi gareji suka cire ta. Ya fito a can baya, wajen na 17, cikin cunkoso. Daga nan ya shiga wuce motoci ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma suna shiga gareji suna ba shi hanya. Abokin tuƙinsa Webber, wanda ya tashi da matsakaiciyar taya, shi ne kaɗai ke iya yi masa barazana, sai na'urar cajin motarsa ta mutu aka ce ya tsaya. Alonso kuwa tun a zagayen farko ya fasa fiffiken gaban motarsa, ya ƙare a na 11 ba maki. Vettel ya ci da tazarar kusan daƙiƙa 30. Nico Rosberg na Mercedes ya zo na biyu, Romain Grosjean na Lotus, wanda ya tashi daga na 17, ya lallaɓa tayoyinsa da tsayawa sau ɗaya tak ya zo na uku.

Na biyar kawai Vettel ke buƙata ya zama zakara a ranar. Kafin shi, Juan Manuel Fangio da Michael Schumacher ne kaɗai suka taɓa cin kambu huɗu a jere. A wannan kakar an sha yi masa ihun ƙi a kan dandamalin karɓar kofi a ƙasashe da dama, tun bayan da ya ƙi bin umarnin ƙungiyarsa ya wuce Webber a Maleshiya. A Indiya tafi aka yi masa. Ina jin wannan yana cikin dalilan da suka sa ya saki jiki ya yi abin da ya yi a gaban rumfa. Sai dai mutanen da suka shaida hakan wajen 60,000 ne, a fagen da ke ɗaukar sama da 100,000.

Wasu suna cewa cin da mutum ɗaya ya yi ta yi ne ya kashe wa Indiyawa sha'awa. Ban yarda ba. Shekarun nan uku su ne ganiyar motocin da Adrian Newey ya zana wa Red Bull, a ko'ina Vettel yana cin tsere, kuma ba a rufe fagen Suzuka na Japan ko na Monza a Italiya saboda haka ba. Ciwon yana wajen kuɗi ne, kuma sai an fahimci yadda ake cinikin Formula 1 kafin a gane shi.

Mai fage ba a biyansa don ya karɓi baƙuncin tsere, shi ne yake biya. Kamfanin da ke riƙe da haƙƙin kasuwancin gasar, wanda Bernie Ecclestone ke jagoranta a lokacin, yana karɓar kuɗi duk shekara daga mai shirya tsere. Na Indiya kimanin dala miliyan 40 ne. Kuɗin nuna tseren a talabijin na kamfanin ne, yawancin tallace-tallacen gefen titi da ɗakunan manyan baƙi ma can suke tafiya. Abin da ya rage wa mai fage shi ne kuɗin tikiti. To a yi lissafi: dala miliyan 40 a raba wa mutum 95,000, kowane kai ya tashi sama da dala 400. A raba wa 60,000, ya doshi dala 670. Tikiti mafi araha a 2011 rupi 2,500 ne, wajen dala 50 a canjin lokacin. Ba a ma zo kan kuɗin gina fagen da albashin ma'aikata da kula da titi ba. Babu yadda za a yi tikiti ya rufe wannan rami.

A Bahrain da Abu Dhabi da Singafo da Maleshiya, gwamnati ce ke cike gurbin a lokacin, domin tana kallon tseren a matsayin tallar ƙasa da hanyar jawo baƙi. A Indiya kuwa hukuma ba ta ma yarda cewa wannan wasa ne ba. Tun a 2009 ma'aikatar wasanni ta ƙi ba wa kamfanin goyon bayan da yake nema don fitar da kuɗin zuwa waje, tana cewa abin nishaɗi ne da kasuwanci. Kalmar nan "nishaɗi" ba ƙaramar magana ba ce a dokar haraji. A lokacin wasa yana samun rangwame, nishaɗi kuwa, kamar sinima, akwai harajin da jiha ke ɗora wa tikitinsa. Gwamnatin Mayawati ta yafe wa kamfanin wannan haraji a 2011, sai aka kai ƙara Kotun Ƙoli cewa an yi wa masu kuɗi gata. Kwanaki kaɗan kafin tseren farko kotun ta umarci a ware kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a ajiye a wani asusu har a yanke hukunci. A 2012 Mayawati ta faɗi zaɓe, Akhilesh Yadav ya hau, gwamnatinsa ta janye yafiyar. A makon tseren 2013 ma sai da aka sake shigar da ƙara ana neman a hana shi gaba ɗaya, kotu ta ɗage sauraro aka samu aka yi.

Su ma ƙungiyoyin ba su ji daɗin zuwa ba. Kowace tana tafe da tan-tan na kaya a jirgin sama, motoci da injuna da kwamfutoci, a shigo da su a fitar cikin mako guda. Inda gwamnati ke marhabin da tsere, ana buɗe wa irin waɗannan kaya hanya ta musamman. A Indiya sai da aka yi ta cike takardun kwastan ana ajiye kuɗin jingina, ga batun biza, ga kuma maganar cewa hukumar haraji za ta yanki wani kaso na abin da ƙungiyoyi da direbobi suka samu.

Sannan rupi ya faɗi. A lokacin tseren farko dala ɗaya wajen rupi 49 ce. A ƙarshen Agustan 2013 ta haura 68. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa saro kaya da dala yana sayarwa da kuɗin gida ya san abin da wannan ke nufi: bashin yana nan yadda yake a takarda, amma nauyinsa ya ƙaru, ga masu saye sun ragu. Rukunin Jaypee kuma a lokacin ya riga ya nutse cikin bashin bankuna, kasuwar gidajen da aka dogara da ita ta yi sanyi.

Dalilin da aka bayar a hukumance na tsallake 2014 shi ne jadawali. Ecclestone yana so a mayar da tseren farkon shekara, masu fage suka ce ba za su iya yin ɗaya a Oktoban 2014 su sake wani bayan wata biyar ko shida ba, don haka aka ce a huta a dawo a farkon 2015. A 2014 ɗin Rasha ta shigo da tseren Sochi, Ostiriya ta dawo, gurbi ya cike. Koriya ta Kudu, wadda ta fara a 2010, ita ma a 2013 ta yi na ƙarshe saboda asara.

Rigimar haraji ta fi tseren tsawon rai. A watan Afrilun 2017 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci cewa, ko da yake kwanaki kaɗan ake yi a shekara, fagen Buddh ya zama mazaunin kasuwanci na kamfanin Formula 1 a cikin ƙasar, saboda shi ke da iko da wurin a kwanakin tsere, don haka kuɗin da ya karɓa dole a biya musu haraji a Indiya. Lauyoyin haraji har yanzu suna kafa hujja da wannan shari'a. Ita kuwa ma'aikatar wasanni, sai a 2015 ta amince da hukumar tseren motoci ta ƙasar a matsayin hukumar wasa, bayan motocin sun riga sun tafi.

Fagen yana nan. Ana gwajin sababbin motoci a kansa, ana ƙananan gasanni na cikin gida. A watan Satumban 2023 gasar babura ta duniya, MotoGP, ta zo karo na farko, Marco Bezzecchi ɗan Italiya ya ci a kan Ducati cikin zafi mai tsanani da ya sa aka rage yawan zagaye. An sa shi a jadawalin 2024, daga baya aka cire.